Yadin Goggo Maneji

A gidanmu ba a cewa abu ya mutu sai Goggo ta duba gawar. Ko bokiti ne ya fashe, ko silifa ta tsinke, ko murfin tukunya ya rabu da mariƙinsa, sai an kai mata ta juya shi sama da ƙasa, ta ƙwanƙwasa, sannan ta yanke hukunci. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ce a kai bola ba. Hukuncin kullum ɗaya ne: "A yi maneji." Da haka sunan ya bi ta, har yaran layinmu suka ɗauka da shi aka haife ta.

Goggo yayar Baba ce. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da keken ɗinki na hannu da kuma buhun ƙyallayen da take tsintowa a shagunan teloli idan sun share. Ta yi aure, mijin ya rasu ba su samu haihuwa ba, ta dawo da kekenta ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Ni take kira Uwata, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Wataƙila shi ya sa hotunan gidan da labaransa suka taru a hannuna. Idan ka jera hotunan nan za ka ga wani ƙyalle mai jan fure yana yawo a cikinsu kamar ɗan gida. A hoton farko yana wuyan rigar Baba. Can gaba ya koma aljihun wandon Yaya. A na ƙarshe yana kaina, ya zama ɗaurin gashi.

Ɗakinta kuwa sai wanda ya gani. Labulen buhun shinkafa ne, an wanke shi har ya yi laushi, amma in rana ta hasko kana iya karanta rubutun jikinsa a juye. Gwangwanayen madara sun yi layi a taga, kowanne da shukarsa. Guntayen sabulu ba sa ƙarewa, ana matse su wuri guda su zama sabulu mai launi uku. Rediyonta ɗaure take da robar tayar keke, batura kuma ana shanya su a rana su farfaɗo. In an sa waƙa sai ta daidaita juyin kekenta da kiɗan, idan baturan suka fara gajiya mawaƙin ya ja murya kamar mai jin barci, ita ma sai ta rage gudu ta jira shi.

Ba zan ce mun so wannan rayuwa ba. Wanda ya fi kowa ƙin ta shi ne yayana. Wata rana a firamare aka ce kowa ya zo da kayan gida, Goggo ta ɗinka masa riga da ƙyallaye kala-kala, kore a kafaɗa, rawaya a ciki, shuɗi ya zagaye su. Malaminsu ya dube shi ya ce, "Zo gaban allo ka juya baya. Yau mun samu taswira." Shi ke nan. Har ya gama sakandare ba wanda ya san shi da wani suna sai Taswira. Ranar ya dawo yana kuka, ya cire rigar ya yi jifa da ita, ya rantse in ya girma ko bara zai yi ba zai sake sa faci ba. Goggo ta ɗauki rigar ta kakkaɓe, ta ce, "To, ta zama rigar filo."

Abin da mutane ba su sani ba, ita ma Goggo ba son faci take yi ba. Ni na sani, domin ni kaɗai take bari in zauna idan ta buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta. A can ƙasa, a naɗe cikin tsohon zanen gado, akwai wani yadi shuɗi mai ƙyalli, wanda almakashi bai taɓa shinshinawa ba. Ta saye shi tun tana da ƙuruciya, lokacin da ta samu aikin ɗinka kayan makaranta na wata shekara. Shi kaɗai ne abin da ta taɓa shiga kanti ta nuna da yatsa ta ce a yanko mata. Ba ta warware shi. Takan ɗaga gefe ɗaya ne kawai, ta shafa, ta mayar.

"Uwata," takan ce, "kafin in mutu ina so in sa tufa mai magana ɗaya. Daga wuya har idon sawu launi ɗaya, babu baƙo a ciki. In shiga taro a ce wannan matar sabo ta sa."

"To ki ɗinka mana, Goggo."

"Ajiya maganin wata rana. Ranar ba ta zo ba."

Ranaku sun yi ta zuwa. Baba ya samu ƙarin girma a wurin aiki, ta ce bai kai ba. Yaya ya gama makarantar koyon zane da tsara tufafi a babban birni, muka je bikin yaye su, ta ce ai ba ita za a kalla ba. Na gama sakandare, ta ce in na zama likita. Ban zama likita ba.

Sai ga Yaya ya dawo bayan shekarun da ya yi yana aiki a can. Ya shigo da jaka a kafaɗa, sanye da wata riga, hannu ɗaya kore, ɗaya ruwan ƙasa, da faci a ƙirji, an bar zaren yana reto. Goggo ta dafe ƙirji.

"Ɗan nan, ashe birnin bai karɓe ka ba? Ciro ta in gyara maka kafin ubanka ya gani."

"Goggo, ai ni na ɗinka ta haka. Yayi ne."

"Da hankalinka?"

Ya ja kujera ya zauna, ya fara bayani. Ya ce kamfanonin tufafi suna shanye koguna, suna zuba rini a ruwan sha. Ya ce mutane na sa riga sau biyu su yar, bola ta yi tsauni. Gaskiya ya faɗa, na karanta wasu daga ciki, kuma idonsa har ya ciko da ƙwalla. Ya ce, "Goggo, duniya ce ke mutuwa."

"Wa ya duba ta?" in ji Goggo.

Bai yi dariya ba. Ya kama hannunta ya ce sai da ya yi nisa ya gane cewa a gidan nan aka fara ceton muhalli, kuma ita ce malamarsa ta farko. Ya ce ya buɗe shagon ɗinki, ya sa masa suna Maneji.

"Ni ba muhalli na ceta ba," ta ce. "Ku na ceta, kada ku fita tsirara. Kuma sunan da ake mini tsiya da shi ka rubuta a allo?"

"Yanzu ba tsiya ba ce, Goggo, falsafa ce."

"Allah Sarki. Da an faɗa mini tun da wuri ai da na ji daɗin talaucin."

Daga nan ya zo kan abin da ya kawo shi. Zai yi baje kolin kayansa a wani babban zaure. Za a zo da masu kiɗa da masu ɗaukar hoto, da shugabar wata ƙungiyar kare muhalli, wadda in kayan sun burge ta za ta sa su a shagunanta. Yana son rigarsa ta taswira ya sa a akwatin gilashi. Goggo ta ce rigar ta yi filo, filon ya yi tsumman goge keke, amma ya kwantar da hankalinsa, za ta ɗinka masa wata tsohuwar kafin ranar. Sannan ya ce ita ce babbar baƙuwa.

Hannunta ya tsaya a kan keken.

"Babbar baƙuwa? Ta kujerar gaba?"

"Har kan dandamali za ki hau. Kowa ke zai kalla. Ki zo yadda kike kawai, Goggo."

Ta ce to. Amma na ga inda idonta ya tafi, ƙarƙashin gado.

Washegari da hantsi ta kira ni, ta sa na rufe ƙofa. Muka share tabarma, muka wanke hannu. Ta ciro yadin, ta ba ni gefe ɗaya, ta riƙe ɗaya, muka fara warwarewa. Ninki na farko lafiya. A na biyu na ga wani jan layi. Na uku ma haka. Da muka shimfiɗa shi gaba ɗaya, sai ga tsatsa ta bi kowane ninki ta zana layuka a tsaye da a kwance, kamar an yi wa yadin gidajen dara. Wata shekara rufin ɗakin ya yi yoyo, ruwa ya kwanta ƙarƙashin akwatin, ita kuwa gefen sama kaɗai take shafawa. Ta sa yatsa a kan layi ɗaya ta ɗan ja. Ya yage ba ko ƙara.

Ta zauna a bakin gado. Ban taɓa ganin Goggo ta duba gawa ba ta yanke hukunci ba sai ranar.

Na ce, "Goggo, mu je kanti. Baba zai saya miki wani, ko Yaya."

"Wannan na saya."

"To sai dai a yi man..."

"Kul!" Ta ɗaga mini yatsa. "Kada in ji kalmar nan a kan yadin nan. Miƙo mini alli da almakashi."

Kwana da kwanaki ƙofarta a rufe, rediyo a kashe. Ta yanke duk inda tsatsa ta taɓa, abin da ya rage ya zama 'yan murabba'ai masu tsabta, tuli guda. Wato dai yadin da ta ajiye don ya raba ta da ƙyalle, da hannunta ta mayar da shi ƙyallaye. Ta zare zare daga jikin yadin kansa don kada launi ya saɓa. Ta tsara rigar da tattara tun daga ƙirji har ƙasa, kowane haɗi ta tura shi cikin lungun tattara, ta kwantar da shi da dutsen guga, ta yi wa ciki shafi. Da ta sa ta tsaya a gabana, na zagaya ta sau biyu ina nema, ni da na ga yankan da idona, ban ga haɗi ko ɗaya ba. Shuɗi ne kawai yake zubowa daga wuya har idon sawu.

"Magana nawa take yi?"

"Ɗaya, Goggo."

"To bakinki, Uwata. Ko ubanki kada ya ji."

Na yi alkawari. Kafin in rubuta wannan ma sai da na nemi izininta, ta ce in rubuta abina, abin da aka riga aka faɗa a gaban jama'a ba mai ƙwace mata shi.

Ranar taron muka ɗauki tasi, domin ta ce rigar ba za ta shiga bas ba. Zauren cike yake da masu hali, motocinsu sun tare titi, amma kowa ka duba sanye yake da faci. Wata ta sa siket na buhu. Wani wandonsa a huje a gwiwa, hujin ma an yi masa kalmasa don kada ya lalace. A gefe masu kiɗa suna buga gwangwanaye da bututun ruwa, kuma wallahi da daɗi. Goggo ta matso kunnena.

"Bayin Allah. Da na sani da na taho da allura."

A duk zauren nan mutum ɗaya ne ke ƙyalli, ita ce. Fitilu suna dukan rigar tana mayar musu. Yaya ya hango mu daga nesa, ya taho da sauri, murmushinsa na raguwa da kowane taku.

"Goggo... mene ne wannan?"

"Riga."

"Na ce ki zo yadda kike!"

"Ai ni ce. Ko ka ga wata?"

Ya murza gefen hannun rigar tsakanin yatsunsa. "Wannan ai roba ce zalla. Irin wannan ko an binne shi ba ya ruɓewa, sai ya ga jikokin jikokinmu."

"Madalla," in ji Goggo. "Ashe na iya saye."

Ya ja ni bayan wani allo. Gumi yake yi. Ya ce duk jawabinsa a kanta ya gina shi, matar da ba ta taɓa sayen sabon abu ba. Ya ce akwai riguna a ɗakin baya, in lallashe ta ta canja, ni take jin maganata. Na tausaya masa, domin na san duk abin da ya mallaka ya zuba a taron nan. Na leƙa na ga Goggo a kujerar gaba, ta baza tattarar rigarta a kan gwiwa, ta ɗora hannu ɗaya kan ɗaya kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Na ce masa ba zan iya ba.

Aka yi nunin kaya, aka tafa. Yaya ya hau dandamali ya nuna rigar taswira a cikin gilashinta, wadda ba ta fi mako da ɗinkawa ba, ya ce tun yana yaro yake alfahari da ita. Ya ba da labarin labulen buhu da sabulu mai launi uku, mutane suna girgiza kai don sha'awa. Sannan, da muryar wanda za a cire wa haƙori, ya ce, "Ga uwar Maneji."

Na riƙe mata jaka na raka ta sama. Tafin ya fara da ƙarfi, ya yi ta sirancewa har ya mutu. Aka bar Goggo tana ƙyalli a tsakiyar shiru.

Shugabar ƙungiyar ce ta miƙe. Doguwar mace ce mai gilashi, da mayafi na guntayen labule. Ba da wulaƙanci ta yi magana ba, abin ne ya dame ta da gaske.

"Mama, ki gafarce ni. An ce mana ke ce madubinmu. Ga shi kin zo mana da sabon yadi na roba, kuma irin ɗinkin nan mai tattara ya ci yadin mutum biyu. Mama, wannan ai almubazzaranci ne."

Yaya ya dube ni kamar mai nutsewa. Bai san komai ba, taimako kawai yake nema. Ni kuwa ina tsaye dab da ita, gefen rigar na taɓa ƙafata. In na sunkuya na ɗaga shafin nan, kowa zai ga haɗe-haɗen da ba a taɓa yin irinsu a zauren ba. Shugabar za ta rungume ta, masu hoto za su rufe ta, Yaya ya tsira. Goggo kuma ta koma gida a matsayin da ta fito, gwanar faci. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta dai ɗora ƙafarta a kan tawa, ta danna.

Ta karɓi abin magana daga hannun Yaya, ta hura shi sau biyu.

"'Yata, kunnen ya tsufa. Me kika ce na yi?"

"Na ce... almubazzaranci, Mama."

"Ɗan ƙara ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Matar ta duba hagu da dama. "Almubazzaranci."

Fuskar Goggo ta washe kamar an yi mata albishir. Ta gyara tsayuwa, ta shafa tattarar ƙirjinta.

"Sabo ne kam," ta ce. "Ba wanda ya taɓa sa shi kafin ni. A kanti na nuna da yatsa aka yanko mini. Allah ya yi miki albarka, 'yata, ya ba ki masu faranta miki."

Ta mayar wa Yaya abin maganarsa ta sauko a hankali, tana ɗage gefen riga kamar wadda ta saba.

Can baya wani mai gemu da hular gwangwani ya fara tafi shi kaɗai, yana cewa, "Saƙo ne! Madubi ta riƙe mana!" Sai ga zauren ya ɗauka. Kafin a tashi, kowa ya gane cewa da gangan aka shirya abin don a tunatar da su halinsu, har wasu na cewa tun shigowarta suka fahimta. Yaya bai musa ba. Shugabar ta karɓi kayansa, ta ce ta daɗe ba ta ga fasaha mai ƙarfin hali irin wannan ba.

A tasi Goggo murmushi kawai take yi wa taga. Jakarta da ke kan cinyata ta yi nauyi, tana ƙara duk lokacin da muka faɗa rami. Na buɗe. Robobin ruwan da aka shanye ne a teburin manyan baƙi, da ƙyallen ribon da aka yanka a bakin ƙofa wurin buɗe taron, a naɗe tsaf.

"Goggo!"

"Rufe mini jaka. Da sauran ransu."

Muna shiga gida Baba ya fito yana tambayar yadda aka yi. Ba ta bari na buɗe baki ba. Ta tsaya a tsakar gida inda maƙwabta za su ji ta kan katanga.

"Yau an ce mini almubazzara," ta ce. "Sau uku. A lasifika."

Baba ya ce, "Wa ya zage ki?"

"Zagi? Kai dai ba ka san komai ba. Uwata, zo ki buga mini ƙusa a bango. Rigar nan ba za ta koma akwati ba, gobe da ita zan je kasuwa."